Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya damƙa riga-kafin yara a hannun malaman asibitin ƙauye

A mafi yawan ƙananan asibitocin da ke ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, babu likita mazauni. Wanda ke karɓar jariri daga hannun uwarsa ranar riga-kafi, ya duba katinsa, ya buɗe akwatin sanyi, ya zuƙi magani a sirinji, malamin asibiti ne ko malamar asibiti: nas, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma. Ko allurar za ta kare yaron, ko za ta tashi a banza, ko ma ta bar masa ƙurji a cinya, duk ya rataya a kan horon da wannan ma'aikaci ya samu da kayan aikin da aka ba shi. Tsarin da ya ɗora masa wannan nauyi, ya kuma mayar da lafiyar yaran ƙauye aikin ƙaramar hukuma, yana da tarihi, kuma sunan da ya fi kowane fitowa a tarihin shi ne na Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta Najeriya daga 1985 zuwa 1992.

Matasa da yawa sun fi sanin ƙanensa, mawaƙi Fela. To amma in ana maganar wanda aikinsa ya shiga gidajen talakawan Arewa, har waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, babban wan ne a gaba.

Gidan da ya fito

An haifi Olikoye a Ijebu Ode ranar 30 ga Disamba, 1927. Mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma shugaban makaranta, shi ne kuma shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Najeriya da aka kafa a 1931. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta wajen bijire wa harajin da aka ɗora musu, gwagwarmayar da ta sa Alake Ademola ya sauka daga karagar mulki na wani lokaci a 1949. Sunanta ba baƙo ba ne a siyasar Arewa, domin Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta yi tattaki har Abeokuta ta gana da ita tun tana farkon gwagwarmayarta.

A irin wannan gida, inda ake haɗa tsananin tarbiyya da rashin tsoron hukuma, Olikoye ya tashi. Ƙannensa biyu, Fela da Dakta Beko, sun ɗauki hanyar fito-na-fito da gwamnatoci, suka sha ɗauri. Shi kuwa ya zaɓi ya shiga ciki ya gyara abin da zai iya gyarawa. Bayan karatu a Abeokuta da Yaba da Ibadan, ya tafi Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ailan, ya kammala karatun likita a 1954. Ya yi aiki a Babban Asibitin Legas da asibitin koyarwa na Ibadan, ya je Ingila ya ƙware a fannin cututtukan yara, sannan ya zauna a Jami'ar Legas, inda ya zama farfesa kuma shugaban sashen kula da lafiyar yara.

Daga gadon asibiti zuwa unguwa

Abin da ya gani a ɗakin kwantar da yara shi ya sauya masa alƙibla. Yaran da ake kawowa a galabaice yawancinsu gudawa ce, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon haƙarƙari, ko tamowa ta kwantar da su, cututtukan da ake iya karewa ko magancewa da ɗan kuɗi kaɗan in an tare su da wuri. Da yawa ba sa isowa sai rai ya kai ga halinsa. Wanda aka ceto kuma ya koma gidan da ruwan sha bai da tsabta, ba da jimawa ba a sake kawo shi. Likitocin ƙasar ba su da yawa, kuma kusan dukkansu a birane suke.

A lokacin an riga an sami misali a ƙasar Yarbawa. Likitan Birtaniya David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile daga ƙarshen shekarun 1950, ya nuna cewa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda nas-nas da ungozomomi ke gudanarwa, da katin awon nauyi da uwa ke ajiyewa a gida, yana iya rage mutuwar yara ƙwarai. A 1968 Olikoye ya buɗe wani asibitin gwaji na lafiyar iyali a Legas domin auna yadda nas-nas za su iya duba uwa da ɗa, su yi riga-kafi, su ba da magani da kansu ba tare da jiran likita ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu ba tare da jefa yara cikin haɗari ba shi ne rubutaccen kundin umarni: ga alamar da za a duba, ga maganin da za a bayar da adadinsa, ga kuma iyakar da in an kai ta dole a tura yaro gaba. Wannan gwaji ya zama harsashin cibiyar nazarin lafiyar yara da kiwon lafiya a matakin farko ta Jami'ar Legas, kuma irin wannan kundi har yau shi ne jagoran jami'an lafiyar al'umma a Najeriya.

Darasin agana da darasin gine-gine

Dattawan ƙasar Sakkwato da yawa suna ɗauke da tabon lamba a dantse, shaidar yaƙin da aka yi da agana. Daga 1967 ayarin masu lamba suka riƙa bin gari-gari a Yammacin Afirka da na'urar allura mai harba magani ba tare da tsinke ba, kuma zuwa 1970 an ga bayan cutar a Najeriya. Nasarar ta sa mutane da yawa suka ɗauka cewa haka kowane riga-kafi yake: a zo da mota, a tara jama'a a ƙofar fada, a yi a wuce. Amma agana zuwa ɗaya ya ishe ta. Riga-kafin yara kuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙaddamar da faɗaɗa shi a 1974 domin tarin fuka, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da shan inna, da ƙyanda, yana bukatar a kawo yaro sau biyar kafin ya cika shekara: ranar haihuwa, da mako shida, da mako goma, da mako goma sha huɗu, da wata tara. Kullum kuma ana haihuwar sababbi. Irin wannan aiki sai da ma'aikaci mazauni, a wurin da uwa za ta iya zuwa da ƙafa.

Gwamnatin soja ta shekarun 1970, da kuɗin mai a hannunta, ta sa shirin kiwon lafiya na tushe a cikin Tsarin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, kuma Olikoye na cikin waɗanda aka ɗora wa aiwatar da shi. Shirin bai kai inda ake so ba. Kuɗin ya tafi a gine-gine da sayo manyan na'urori, aka bar horar da ma'aikata da jawo jama'a a baya. Amfanin da ya rage daga wannan zamani shi ne makarantun fasahar kiwon lafiya da jihohi suka kafa. A watan Satumba na 1978 kuma ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne hanyar kai lafiya ga kowa. Abin da Olikoye ya shafe shekara goma yana gwadawa a unguwannin Legas ya zama manufar duniya.

Shekaru bakwai a ma'aikata

Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, ya naɗa Olikoye ministan lafiya. An riga an sake fasalin shirin riga-kafi na ƙasa a 1984, amma ba shi da gindin zama a ƙauye. A 1986 sabon ministan ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a faɗin ƙasar domin su zama abin misali, aka haɗa su da kwalejojin koyon likita da makarantun fasahar kiwon lafiya da za su riƙa yi musu jagora. Aka ƙidaya gidaje aka sa musu lamba, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauye da na gunduma, aka horar da ungozomomin gargajiya da masu aikin sa kai. Daga nan aka faɗaɗa tsarin zuwa sauran ƙananan hukumomi.

A 1988 aka ƙaddamar da cikakkiyar manufar lafiya ta ƙasa ta farko, wadda ta raba aiki gida uku: asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya, manyan asibitoci na jihohi, kiwon lafiya a matakin farko kuma na ƙananan hukumomi. An rungumi shirin Bamako na 1987, wanda ya tanadi asusun magani mai juyawa a ƙarƙashin kulawar jama'ar gari, domin kada ɗakin shan magani ya zauna babu ko ƙwaya. Aka fitar da jerin muhimman magunguna, aka yayata haɗa ruwan gishiri da sukari a gida domin yaro mai gudawa, aka ƙarfafa shayar da nonon uwa. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA, domin aikin ya ɗore bayan tafiyarsa. Duk wannan an yi shi ne a zamanin tsuke bakin aljihu na shirin SAP, lokacin da darajar naira ke zubewa, ma'aikatan lafiya kuma ke ficewa zuwa ƙasashen waje.

A wancan lokaci jihar Sakkwato ta haɗa har da Kebbi, wadda aka cire a 1991, da Zamfara, wadda aka cire a 1996. A ƙasa mai faɗi irin wannan, mai ƙarancin likitoci da nas-nas, jami'an lafiyar al'umma da ake yayewa a makarantu irin ta Gwadabawa su ne suka zama ƙashin bayan riga-kafi, kuma har yau su ne.

Abin da allura mai aminci ke bukata

Dalilin da ya sa Olikoye ya nace a kan horo da sa ido yana bayyana in aka duba abin da ke cikin allura guda. Maganin riga-kafi abu ne mai saurin lalacewa. Yawancinsa dole ya zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salshiyas tun daga ma'ajiyar jiha har zuwa hannun mai allura. Zafin bazara na ƙasar Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, yana iya kashe ƙarfin maganin shan inna da na ƙyanda. Daskarewa kuma tana lalata maganin mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, don haka ma'aikacin da ya manna kwalba da ƙanƙara da niyyar kare ta yana iya ɓata ta. A shekarun 1980 firji mai aiki da kananzir ake dogaro da shi a ƙauye, kuma rashin kananzir na 'yan kwanaki ya isa ya zubar da maganin gunduma guda. Yaron da aka yi wa allurar da ta lalace yana da kati cikakke, amma ba shi da kariya. Ranar da ƙyanda ta kama shi, uwarsa da maƙwabtanta sun sami hujjar daina zuwa.

Maganin tarin fuka, BCG, da na ƙyanda gari ne da ake damawa da ruwansa na musamman. Da zarar an dama, awa shida kawai ake da ita, ko zuwa tashi daga aikin ranar, sai a zubar da abin da ya rage, domin ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki su halaka yaro. Kowane magani kuma da muhallinsa. BCG a cikin fatar dantse ake sa shi, kuma in ya yi zurfi yana iya jawo ƙurji da kaluluwa. Na ƙyanda a ƙarƙashin fata ake yi. Na mashaƙo da 'yan uwansa a tsokar gefen cinya ta waje ake yi wa jariri, ana kauce wa ɗuwawu saboda babbar jijiyar da ta bi ta nan zuwa ƙafa.

Sai batun tsinken allurar kansa. A zamanin Olikoye sirinji da tsinke ana wanke su ne a turara a tukunyar tururi a sake amfani da su, kuma ƙa'idar ita ce yaro ɗaya, sirinji ɗaya, tsinke ɗaya da aka tsarkake. Sakaci a nan yana iya yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau daga yaro zuwa yaro. Sai daga baya aka sami sauƙi: a 1996 aka fara manna wa kwalaben maganin shan inna wata 'yar alama mai sauya launi in zafi ya taɓa su, a 1999 kuma WHO da UNICEF suka yi kira da a koma ga sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, a jefa shi a kwalin tsaro a ƙone. Amma babu na'urar da za ta maye gurbin ma'aikacin da zai wanke hannu, ya duba ranar ƙarewar magani, ya tambayi uwa yadda yaron ya yi bayan allurar baya, ya gaya mata cewa ɗan zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, ya faɗa mata alamar da in ta gani ta dawo da gaggawa, ya kuma rubuta mata ranar zuwa ta gaba. Sau da yawa wannan 'yar magana ita ke sa uwa ta dawo ko ta ƙi dawowa.

Zamaninsa bai rasa masifa ba ta fuskar ingancin magani. A 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993.

Kashi 80 da abin da ke bayansa

Duniya ta sa wa kanta burin yi wa kashi 80 cikin 100 na yara riga-kafi kafin ƙarshen 1990, kuma alƙaluman gwamnatin Najeriya sun nuna an kai kusan wannan mataki. Wannan adadi shi ake yawan ambata in ana yabon Olikoye. Sai dai binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi gida-gida a shekarar 1990 ya gano cewa kimanin kashi 30 ne kawai na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala dukkan allurorinsu, kuma Arewa na baya. An yi ci gaba na gaske idan aka kwatanta da farkon shekarun 1980, amma wani ɓangare na nasarar ya dogara ne ga ranakun gangami da kuɗin masu ba da agaji daga waje. Tun daga lokacin akwai tazara tsakanin abin da ake rubutawa a rajista da abin da ke jikin yara, kuma wannan tazara ba ta rufe ba har yanzu.

Duniya ta karrama shi. WHO ta ba shi lambar Leon Bernard a 1986, UNICEF ta ba shi ta Maurice Pate a 1990, ya kuma shugabanci majalisar zartarwa ta WHO. A gida an san shi da sammako wurin aiki da tsare hannu daga dukiyar jama'a, a zamanin da hakan ya yi ƙaranci.

Inda aka soke shi

Bai tsira daga suka ba. Wasu sun ga bai dace ɗan Funmilayo ya zauna a majalisar sojoji ba, alhali sojoji ne suka afka wa gidan Fela a watan Fabrairu na 1977 suka jefo tsohuwar ta taga, raunin da ta yi ta fama da shi har rasuwarta a 1978. Gwamnatin da yake yi wa aiki ma ta tsare ƙanensa Beko saboda fafutukar dimokuraɗiyya. Likitoci da dama kuma sun yi ƙorafin cewa an bar asibitocin koyarwa suna lalacewa.

Suka mafi nauyi ga Arewa ta shafi manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar kada mace ta wuce haihuwa huɗu. Ba doka ba ce ta tilas, amma a ƙasar da yawan 'ya'ya ke da daraja a addini da al'ada, kuma yawan jama'a ke da nauyi a siyasa, mutane da yawa sun karɓe ta da zargi. Tun da asibiti ɗaya da ma'aikaci ɗaya ke ba da maganin tazarar haihuwa da allurar yara, zargin ya shafi riga-kafi. Masu nazarin abin da ya faru daga baya sun sha nuna cewa a nan ne ɗaya daga cikin saiwoyin jita-jitar hana haihuwa yake.

Akwai kuma rauni a cikin tsarin kansa. An miƙa aiki mafi muhimmanci ga matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ƙwararru. Muddin minista mai himma yana bibiya, masu agaji kuma suna biya, abin na tafiya. Da waɗannan biyu suka kau, sai ginin ya fara tsagewa.

Rushewa, da mutuwa a bakin aiki

Olikoye ya bar ma'aikatar a 1992. Soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da mulkin Janar Sani Abacha sun sa ƙasashe da dama sun janye tallafi. Firji suka mutu, albashi ya riƙa makara, magani ya yanke. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, yawancinsu a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka mutu, aka shiga shari'ar da ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Trovan ba riga-kafi ba ne, amma tabon da ya bari a zukata ya shafi duk wata allura da ta zo daga waje.

A waɗannan shekaru Olikoye ya yi aiki da Bankin Duniya kan lafiyar Afirka. Shi ne ministan da ya sanar da ɓullar ƙanjamau a Najeriya a 1986, lokacin da mutane da yawa ke musun akwai cutar. Da Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, sai ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shi a ganinsa gaskiya na cikin magani. Bayan dawowar mulkin farar hula, gwamnatin Obasanjo ta naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar NPHCDA domin ya farfaɗo da abin da ya gina. Ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni, 2003, yana da shekara 75, a lokacin da ya je wani taron WHO.

Binciken gida-gida na shekarar da ya rasu ya nuna kashi 13 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya suka kammala riga-kafi, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 4. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Tambayar da iyaye suka riƙa yi a lokacin tana da nauyi: me ya sa ake bin su har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in yaro na fama da ƙyanda ko zazzaɓi asibitin garin ba shi da magani? Wannan giɓi shi ne Olikoye ya shafe rayuwarsa yana ƙoƙarin cikewa.

Gadonsa a Tambuwal da Kebbe

An dawo da amana a hankali, musamman bayan sarakunan Arewa, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sun kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko a 2009. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Amma riga-kafin yau da kullum, wanda ake yi a asibiti, bai bi sahu ba. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na yaran jihar Sakkwato suka karɓi zagaye na uku na allurar nan mai kare cututtuka biyar, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Binciken 2018 ya nuna kimanin kashi 5 ne suka kammala dukkan allurorin tushe. A irin wannan yanayi ne nau'in shan inna da ke rikiɗa daga ƙwayar maganin ɗigo ke samun damar yaɗuwa, domin sai a inda yara da yawa ba su da kariya yake iya yawo har ya yi ƙarfi.

Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000, ga shi Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce ƙauyuka da rugage a warwatse, hanyoyin da damina ke yankewa, da kuma matsalar tsaro a yankunan da ke iyaka da Zamfara. Uwar da ke nesa da Kuchi ko Sanyinna ba za ta yi tafiyar awanni sau biyar ko shida ba in ba ta da tabbacin za ta tarar da ma'aikaci da magani. Aikin ma ya ƙaru a kan na zamanin Olikoye, domin an ƙara allurar cututtuka biyar a 2012, da ta ciwon haƙarƙari, da ta shan inna ta tsinke, da ta sanƙarau, da ɗigon gudawa a 2022, da kuma zagaye na biyu na ƙyanda a wata 15. Kowane ƙari yana bukatar wuri a firji da sabon horo.

Ta fuskar doka, wannan yanki na da alaƙa ta musamman da maganar. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal daga 2003 zuwa 2015, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai lokacin da aka zartar da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe, da kaso na musamman na magunguna da riga-kafi, da gyaran asibitoci da sufuri, da horar da ma'aikata. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kimanin naira biliyan 55. A 2016, yana gwamna, jihar Sakkwato ta shiga yarjejeniyar riga-kafi da gidauniyoyin Dangote da Bill Gates. A ranar 11 ga Yuli, 2024, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wato matakin da Olikoye ya damƙa wa lafiyar yara tun 1988.

Saboda haka dokoki da yarjejeniyoyi ba su yi ƙaranci ba. Abin da tarihin Olikoye ke koyarwa shi ne inda ya kamata a auna su. Ma'aikata nawa ne masu horo a asibitin mazaɓa, kuma suna kwana a garin? Firjin mai aiki da hasken rana yana aiki, wa ke rubuta zafinsa safe da yamma? Akwai kuɗin man babur na kai riga-kafi ƙauyukan nesa, kuma yana isa hannun mai tafiyar? Kwamitin raya mazaɓa yana zama, yana ganin lissafin kuɗin da ke shigowa asibitin? Adadin da ke rajista ya yi daidai da katunan da ke hannun iyaye mata? Waɗannan tambayoyi ne da kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa ke da amsarsu, kuma kowane mai ƙuri'a a Tambuwal da Kebbe yana da haƙƙin yin su, kafin zaɓe da bayansa.